Kwalbar da Ta Ƙafar da Nonon Hamsatu

A ruga aka haifi Hamsatu, aure ne ya kawo ta unguwar Wunti, gidan Hammadu dillalin shanu. Siririya ta zo, amma zaman gari da kunun jego suka buɗa ta. Bayan ta haifi 'yar farinta Saudatu, ana daf da samun mulkin kai, zane da ƙyar yake zagaye ta. Matan unguwa suna yabawa, ita kuwa abin yana cin ta. An aiko cewa uwarta Dada za ta shigo gari da kaka, ta kuma san abin da za a ce a ruga: 'yarsu ta zama Kaɗo, ta tashi daga Bafillatana.

A bakin tasha ta gamu da wani maƙaryaci mai kwat, yana ɗaga kwalba mai hoton Baturiya da ƙugu irin na zanzaro.

Ya ce mata, "Daga Ikko ya zo, uwar gida. Cokali safe da yamma. Ban da tuwo, ban da mai, ban da fura."

Goyo na bayanta, mai kwat na gani da idonsa, marar tsoron Allah, bai ko tambaya ba.

Ta saya ta fara sha. Gudawa ta kama ta. Ta rame yadda take so, nono ya ƙafe. Saudatu ta kama, ta tsotsa, ta saki. Kukanta ya sirance, maɗigarta ta faɗa. Hamsatu na gani sarai, amma Bafillatana ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Ko mijinta ba ta gaya wa ba.

Liatu maƙwabciyarta, matar wani akawu, ita ce ta leƙo aron rariya.

"Bafillatana, ina sauran jikin? Hammadu ya kai kasuwar shanu ya sayar?" Ta ɗaga jaririyar, dariyar ta tsaya mata. "Yaushe rabon yarinyar nan da ƙoshi?"

Hamsatu ta kalli bango. "Ni ba na duba ta."

"Ƙarya kike. Ɗauko mayafinki."

Liatu ta hango kwalbar, ta tuttule ta a kwata, ta saɓa yarinyar, suka nufi asibiti Hamsatu na binta a baya.

Da Dada ta iso, ta tarar ana ɗura wa jikarta madara da cokali. Zancen ƙiba bai ko fito bakinta ba. Ta dubi 'yarta ta ce, "Ke, a rugarmu kin taɓa ganin an ɗaure bakin saniya mai maraƙi?"

Nonon bai dawo ba. Dada ta sa aka koro saniya ɗaya aka ɗaure a bayan gida, da ita Saudatu ta rayu, 'yar firit, mai yawan laulayi. Mai kwat kuwa ya ƙara gaba da kwalabensa, ba wanda ya ce masa kanzil.

Ƙibar ta dawo wa Hamsatu, ba ta sake kula ta ba. Amma har ta tsufa, duk jaririn da aka miƙa mata, sai ta fara shafa maɗigarsa kafin ta yi barka.