Majigin da Ya Ƙare a Ƙofar Asibiti

Ana idar da sallar asuba muka ɗaga daga Kano a motar majigi: ni mai bayani a lasifika, da direba, da malamin da ya shirya fim ɗin da za mu nuna. Ofis ya ce masa idan mutanen karkara suka ƙi wannan aiki, ba za a sake ba shi na'ura ba.

Salonsa daban ne. Majigin da aka saba akwai mai wayo da wawa, a yi dariya a watse. Shi kuwa manomi ɗaya ya ɗauka, wanda ya ɗora 'yarsa mai zazzaɓi a kan jaki, suna ta tafiya. A nuna ƙafafunsa, a nuna gumi, a nuna ya tsaya ya ba ta ruwa. Suna shiga ƙofar asibiti fim ya ƙare. Ya kuma gargaɗe ni kada in ƙara ko kalma a kan abin da ido ya gani.

Hanyar Bebeji gargada ce zalla, har haƙoranmu na kaɗawa. Gyaɗa ta shigo, dafaffiyar kobo ɗaya sai da ta ishe mu. Bayan magariba muka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa. Da fim ya ƙare ba wanda ya tashi, sun zaci inji ne ya mutu. Da na ce ƙarshen ke nan, samari suka yi mana ihu, wata tsohuwa ta biyo ni har mota tana cewa, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah, ta warke ko ba ta warke ba?" Malamin kuwa ko a jikinsa.

A Kiru gardama ta kaure. Wani malamin allo ya ce daidai aka yi, nema ne na bawa, waraka ta Allah ce. Manoma suka ce su dai an bar su a rataye. A Tudun Wada mun sha rake har muƙamuƙi ya gaji, mata kuma suka yi ta yi wa jakin faɗa don ya ƙara sauri.

Daga nan muka ratsa dajin Falgore. Birai na zaune bisa hanya kamar masu karɓar haraji, direba na ta salati a kan kowace gadar katako. Doguwa akwai sanyi da duwatsu, ga nono mai kauri. Fulani sun zo kallo da yawa, amma shiru suka yi suka watse. Na ce a raina mun faɗi.

Da safe muka tarar da wani makiyayi a gindin mota, mahaifiyarsa na zaune a ƙasa, ƙafarta ɗaure da tsumma. Gyambo ne ya ci ta tun damina. Ya gaishe mu ya ce, "Malam, ƙofar nan da mutumin ya shiga, a ina take?"

Malamin fim ya tambaye shi ko bai ji tsoro ba, tunda ba a nuna ƙarshe ba. Ya ce, "Da an nuna yarinyar ta tashi tana rawa, da na ce wasan gwamnati ne. Mutumin nan bai sani ba, ya tafi. Ni ma ban sani ba."

Muka matsar da akwatuna, muka kai su asibitin Tudun Wada. Aka wanke ƙafar, aka ce ta zauna sai ta samu sauƙi.

Mun iso Kano ranar Alhamis, jiki duk ciwo. Jiya wani direban lori ya kawo mana labari cewa mahaifiyar makiyayin ta fara takawa da sanda, har tana faɗa wai tuwon gari ba ya riƙe ciki. Ofis bai yanke hukunci ba tukuna, amma ni na riga na san nawa. Mutanen karkara ba sa bukatar a tauna musu labari. Idan an nuna musu gaskiya, za su yi fushi, su yi gardama, wani kuma ya ɗauko uwarsa ya zo.