Kilen Mushe Asumana

Yau da sahe ina ɗaure takalmi zan hita lakwal wajen karantarwa, diraktanmu ya kira ni ya ce Mushe Asumana, wato Malam Asumana, ya rasu. Wata mota ta buge shi bisa moto jiya da la'asar, tsakanin Madawa da Buza.

Na zamna bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Ga waɗanda ba su san shi ba: mutumin Deule ne, malamin lissahi. Mun karantar tare a kolejinmu nan wajen Garhanga, ni ina faransanci, kahin a maida shi Babankatami bana.

Lokacin da ya zo, akwai wasu tsohin ordinatar, wato kwamfuta, da wani poroje ya bar muna tun da daɗewa, an jibge su cikin magaza tare da karyayyun tebura. Duk wanda ya duba sai ya ce dis ɗinsu, inda suke aje bayanai, ya mutu, sai dai a zubar. Asumana ya hiddo su, ya share ƙura da tsohuwar riga, ya ce shi ba ruwanshi da dis.

Ya ciro wani ɗan kile, irin wanda muke sa waƙoƙi ciki, ɗaure da zare a wuyanshi. Wani ƙaramin Linux ne a ciki, marar nauyi. Ya soka jikin ɗaya, ya danna wani maɓalli, rubutu ya riƙa gudu, sai ga ordinatar ta buɗe. Diraktan da ke tsaye ya cire tabarau ya sake maidawa.

Kile ɗaya gare shi. In ta farko ta tashi sai ya zare ya soka a ta biyu, ta farkon tana ci gaba da aikinta. Na tambaye shi ya akai haka. Ya ce abin ya riga ya shiga ƙwaƙwalwarta, muddin panon hasken rana bai yanke wuta ba tana riƙe da shi.

'Yan makaranta sunka sa mishi suna mai tada matattu. Bai so sunan ba ko kaɗan. Ya ce musu, "Allah kaɗai ka tada matattu. Waɗanga ba su mutu ba, an dai yasar da su."

Ɗiyan manoma da ba su taɓa ganin kilabiye, allon maɓallan rubutu, ba sunka rubuta sunansu da yatsa ɗaya. Da 'yan mata sunka riƙa noƙewa a baya, sai ya ware musu yammacin Laraba su kaɗai. Ɗaya daga cikinsu yanzu tana Tawa tana karatun sakatariya.

Ni kaina, shekarar da nake rubuta memuwar ɗina na ƙare karatu, ordinatata ta ƙi tashi, aikin duka shina ciki kuma ban aje shi wani wuri ba. Na kwana biyu ban iya cin tuwo. Na kai mishi kamar mai kai marar lahiya likita. Ya soka kilen nan, ya shiga ta ƙofar baya, ya kwaso mani takarduna duka. Ko hotunan auren ƙanwata bai bari ba. Ina ta godiya, shi kuwa hankalinshi na ga shayin da ke bisa wuta.

Da zai tahi Babankatami ya cire zaren daga wuya ya ba ni. Ya koya mani yadda ake tada ordinatar ɗin da shi, ya sa na maimaita har na iya.

Watan jiya kilen ya daina aiki. Na soka ko'ina, shiru. Tun sannan ɗakin ordinatar ɗin a ruhe yake, yara na wucewa suna leƙe ta taga.

Ganinmu na ƙarshe satin da ya wuce ne, a tashar Buza. Mun tsaya wajen mai nama, ya saya muna tsire, ya tambayi mahaihiyata da ciwon ƙafarta. Na gaya mishi zancen kilen. Ya yi dariya ya ce ai ya yi ƙoƙari, ya tsufa. Ya ce rezo ɗin intanet na ƙauye ba ya iya sauko da sabon sistem, sai in ya shiga Madawa.

Ya ce, "Mushe, gaya ma yara su yi haƙuri kaɗan. Zan haɗa biyu wannan karon, in ɗaya ya gaji ga wani."

Ya hau moto, ya ɗaga mani hannu.

Jiya daga Madawa yake komowa. Ban san abin da ya kai shi ba. Shina da ƙane can, shina da hidimomi nashi kamar kowa. Na kira ƙanen ɗazu na yi mishi gaisuwa, tambayar tana bakina, na kasa yi. Na sani kwana ne ya ƙare, ajali ba ya jiran dalili. Amma tun sahe abin bai bar zuciyata ba.

An yi jana'iza a Deule tun da hantsi, ban samu ba. In an taso lakwal za mu kama hanyar Deule gaisuwa da diraktan. Yara sun ji, wasu na tsaye ƙofar biron dirakta suna son a tahi da su.

Ya bar mata da ɗiya ƙanana, da tsohuwa wadda shi ke ɗauke da ita.

Ya Allah ka gafarta ma Asumana, ka yalwata mishi kabarinshi, ka sa abin da ya koya ma ɗiyan mutane ya zama haske gare shi. Ka ba iyalinshi haƙuri, ka tsaya ma marayunshi.

Wanda duk ya karanta wanga, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi mishi Ƙulhuwallahu. Ni ma ku sa ni ciki.