Baba Firmin, Mai Karanta Tabon Tagulla

Shekara talatin da huɗu ke nan, ƙarfe bakwai saura kwata na safe a bakin ofishinmu na 'yan sanda, a bayan garin Liège, take yi wa Baba Firmin Collard. Ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, zai jingine kekensa, ya sauka ɗakin makamai da ke ƙasa, ya ajiye filas ɗin kofi da burodin da matarsa ta sa wa cuku, sannan ya kunna fitilar teburinsa. Ba shi da igiya a kafaɗa, bai taɓa kama ɓarawo ba, hotonsa bai taɓa shiga jarida ba. Gyaran ƙananan bindigogin da muke ɗaurawa a ƙugu shi ne aikinsa, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye shi.

Duk wanda ya taɓa harba irin bindigarmu ya san tabon. In harsashi ya tashi, murfin bindigar yakan ja da baya, kwanson ya yi tsalle ta 'yar tagar da ke gefe, a kan hanyarsa ya bugi baƙin ƙarfen ya bar ɗigon tagulla, kamar an goga zobe a jikin tukunya. Yawanci ba ya nufin komai. Sai dai mu 'yan sanda akwai son ƙyalƙyali. Tun a makarantar horo aka cusa mana cewa bindiga mai tabo ta malalaci ce, don haka kafin mu kai gyara sai mun dirje ta tas. Wannan ɗabi'a Baba Firmin ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yaƙa. Yakan ce bai taɓa ganin 'yan sandan da ke share sawu kafin su kira mai bincike ba sai mu.

Ni ma na taɓa yi, kuma saura ƙiris abin ya ci ni. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, na faɗi gwajin harbi sau biyu a jere. Bindigata sai ta riƙa cijewa, kwanso ya maƙale a taga. Mai horar da mu, Sufeto Detry, ya ce hannuna ne ba ƙwari, a gaban maza goma sha huɗu ya faɗa, aka kuwa yi dariya. Doka a fili take: in na faɗi na uku, a karɓe bindigar, a cire ni daga sintiri a zaunar da ni kan tebur. Ni kuwa don sintiri na shiga aikin. Na yarda laifina ne, na yi ta matsa ƙwallon roba har tsintsiyar hannuna ta kumbura. Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na makonnin nan ba.

Saura kwana huɗu gwaji na kai masa ita don a yi mata duban ƙa'ida, tana sheƙi kamar sabuwa. Ya juya ta, ya dube ni ta saman tabarau.

"Odile, 'yata, wa ya ce ki wanke mini shaida?"

Ya tasa ni gaba zuwa filin harbi, ya sa na harba harsashi hamsin, ya hana ni ko taɓa tsumma. Da muka dawo ya jera tawa da wasu uku a ƙarƙashin fitila. Tabon waɗancan a wuri guda ya taru, kamar dangwalen yatsa. Nawa ya warwatse, wani ma a leɓen tagar. Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya bi ta inda tabon ya nuna masa, har ya kai ga 'yar ƙugiyar da ke fizgo kwanso. Bakinta ya ɓantare, ɓantarewar da ido kawai ba ya gani.

Da wani ne, da ya canza ƙugiyar ya yi shiru, tunda ba a son ƙaramin ma'aikaci ya ƙaryata sufeto. Kai kuwa, Baba Firmin, kai ne ka hau bene da rigarka mai mai, ka ajiye bindigar a kan teburin Detry ba tare da ka gyara ta ba. Waɗanda ke wurin har yau suna maimaita abin da ka ce.

"Ranka ya daɗe, kai da hannunka ke da ƙwari, zo ka harba mana."

Aka rankaya filin harbi, a harsashi na tara ta cije masa. Ba ka yi dariya ba, ba ka kuma bar kowa ya yi ba. Ka karɓi abarka ka koma ƙasa, ka sa sabuwar ƙugiya. Ranar gwaji na ci, kuma har gobe ina kan sintiri. Daga baya ka bi duk bindigogin da suka zo tare da tawa, ka samu shida masu irin ciwon, duk a ƙugun mutanen da ke fita titi kullum suna zaton sun dogara da wani abu.

Mun gode, Baba Firmin, mai idon da ba ya raina ƙaramin abu. Na gode da ka tuhumi ƙarfe kafin ka tuhumi mutum. Ku kuma da za ku gaje shi, da ku sababbin shiga, ku koyi wannan daga gare shi: kada kunya ta sa ku goge abin da zai cece ku, kada kuma ku yanke wa ɗan'uwanku hukunci kafin ku duba abin da ke hannunsa.

Makon jiya na sauka ɗakin nan da bindigata, ban goge ta ba. Ya daɗe yana kallon tabon a ƙarƙashin fitila, fiye da yadda ya saba, ni kuma hawaye suka cika mini ido. Can ya miƙo mini ita da hannu biyu.

"Wannan ado ne kawai, 'yata. Je ki aikinki."