Malama Kuramochi, Tsohon Nan Yana Tambayarki

Da safiyar Talata, huɗu ga Fabrairu, 'yarki Chizuru ta kira ni ta ce zuciyarki ta tsaya. Ina tsaye a ɗakin bincikenmu na birnin Shizuoka, da ganyen da zan ba tsutsotsin siliki a hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

Ke kika koya mini cewa naman gwari mai cuta, ƙwayar cutar nan dangin funfuna, munafuki ne. A farantin gwaji yakan yi ladab, magani kaɗan ya kashe shi, amma da ya shiga jiki mai rai sai ya tayar da wasu ƙwayoyin gadonsa da ke barci. Shi ya sa muke yi wa tsutsotsin allurarsa, mu ciro shi, mu daskarar da shi nan take kafin ya sake hali. In na yi nawa sai ki ce, "Kai Nagase, shayi kake jira ya kawo maka?" Na sha jin haushinki, ba zan ɓoye ba. Amma duk shekara da lokacin kaka ke ce kan gaba wajen kunna turare a dutsen tunawa da dabbobin gwaji, kina rusuna wa tsutsa kamar surukarki.

Aikinki na ƙarshe na tsoho Shirakawa ne, manomin lemo da naman gwari ya cinye wa huhu. Gwajin faranti ya ce maganinsa daidai ne, shi kuwa kullum ramewa yake. Kika ƙi yarda da farantin, kika sa muka yi wa tsutsotsin allurar cutar tasa. Kika riƙa zuwa gefen gadonsa, yana tsokanarki: "Malama, tsutsa ce za ta warkar da ni?"

Sakamakon ya fito bayan an ƙona gawarki bisa al'adarmu. A cikin jiki, naman gwarin yana buɗe wata kafa da ke fitar da maganin daga cikinsa. Likitoci sun sauya magani, zazzaɓinsa ya sauka, jiya har ya sha romo.

Kullum sai ya tambaye ki. Iyalinsa sun roƙe mu kada a ɗora wa mara lafiya mugun labari, don haka muke cewa kin yi tafiya. Ya sa an kawo miki kwandon lemo daga gonarsa, na kai shi gaban hotonki.

Ubangiji ya yi miki rahama, ya sanyaya makwancinki. Ga maigidanki Tadao da Chizuru, ina miƙa ta'aziyyata, Allah ya ba ku haƙuri. Shirakawa kuwa, ranar da ya taka da ƙafarsa ya bar asibiti, ni zan gaya masa.