Kalma Ɗaya da Ta Rage wa Doreen

Wilf Threlfall ya yi ƙuruciyarsa da girmansa a jiragen kamun kifi na garin Fleetwood a Ingila, har sana'ar ta mutu aka bar jiragen suna tsatsa a bakin ruwa. Abin da ya samu a teku bai wuce ciwon gwiwa, da guntun yatsa, da wata 'yar ashar da ake cewa "bulodi" ba. Ashar ce mara nauyi, ba ta taɓa uwar kowa balle ubansa. Mazan jirgi ba sa iya haɗa magana sai da ita. In sanyi ya tsananta, ita ce. In koma ta cika da kifi, ita ce dai. Ranar da aka gaya wa Wilf matarsa ta haihu ma, ita ya fara faɗa kafin ya tambayi mace ce ko namiji.

Matar tasa, Doreen, ba ta ɗaukar wannan. Mace ce mai tsare mutuncinta, ita ke jera furanni a coci, kuma tunda take ba a taɓa jin kalmar banza a bakinta ba.

"Ba a gidana ba, Wilfred," in ji ta. "In bakinka na ƙaiƙayi, ga bayan gida can."

Haka kuwa ake yi. In guduma ta daki yatsansa, sai ya riƙe yatsan ya ruga waje, ya zage son ransa a gaban tattabarun maƙwabci, sannan ya dawo salin alin. A haka suka tsufa.

Wata safiya Doreen na feraye dankali ta yanke jiki ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke ɗif. Wilf ya riƙa zuwa asibiti kullum yana zama gefenta, shi da bai iya hira ba, don ita ce mai surutun gidan. Rannan yana taje mata gashi da hannayen nan nasa masu kaushi, ya fizge ta ba da gangan ba. Sai bakinta ya buɗe.

"Bulodi!"

Wilf ya yi dariya har da hawaye. "Ke 'yar tsohuwa! Ashe kina da ita kika ɓoye?"

Likita ya ce hakan na faruwa, sauran kalmomi su tafi, irin wannan ta maƙale. Kada ya sa rai da wata.

Ya dawo da ita gida, suka shiga zama da kalma ɗaya. In ya tambaya ko za ta sha shayi, ta faɗe ta a taƙaice, ya san e ke nan. In ta ja ta, a'a ne. In ya ƙona kifi sai ta faɗe ta tana kaɗa kai, shi kuma ya ce, "To ki tashi ki soya mana, uwar iyayi." Akwai wadda take faɗa a hankali in ya gyara mata bargo, wannan bai taɓa gaya wa kowa fassararta ba. Ita ke nan hirar da ta rage masa a duniya, kuma ta ishe shi.

Sai ga fasto ya aiko zai zo gaisuwa da matan coci biyu. Wilf ya fito da kofunan da ba a taɓawa sai da baƙi, ya sayo biskit, ya sa wa Doreen rigarta mai ruwan toka. Aka sha shayi, fasto ya yi addu'a. Da ya kai ƙarshe kowa ya ce amin. Doreen ta tattara ƙarfinta, wuyanta har yana rawa, don ita ma ta ce amin. Abin da take da shi ne ya fito, da ƙarfi kuwa.

Matan suka yi abin da aka saba yi a garin in abin kunya ya faru: kowacce ta zuba wa kofinta ido, ɗaya ta ce ruwan bana ya yi yawa. Da Wilf ya yi shiru, da maganar ta wuce. Amma kunyar baƙi ta rufe shi, kunnuwansa suka yi ja.

"Ka yi haƙuri, Fasto," ya ce. "Ba ta san abin da take faɗa ba. Ba Doreen ɗin da kuka sani ba ce."

Kaico, Wilf! Mutumin da ya fi kowa sanin hankalinta garau yake, shi ya ba da haƙuri a kanta kamar yarinya ta yi fitsari a gaban mutane. Doreen ta juyo ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta rufe bakinta.

Tun daga ranar ba ta sake furta kalmar ba. Ya kawo shayi, shiru. Ya ƙona kifi, shiru. 'Yarsu Glenys ta zo daga garin Preston ta ce, "Baba, ciwon ne ya ƙaru. Mu nema mata gidan kula da tsofaffi." Ya ce a'a. Ya san harshen nan lafiyarsa lau.

Ya ba ta haƙuri a tsaye, ya ba ta a durƙushe kan gwiwarsa mai ciwo. "Doreen, zage ni mana. Sau ɗaya kawai. Wallahi na cancanta." Ta kalli taga. Ya riƙa faɗar kalmar da kansa a tsakiyar falo ko za ta harare shi, ko gezau.

Wata ranar Lahadi dabara ta ƙare masa. Ya haɗa mata shayi da madara yadda take so, ya ɗebo gishiri cokali guda ya zuba a madadin sukari. Ya miƙa mata a hannunta mai lafiya, ya zauna gabanta yana jiran ta zage shi.

Ta kurɓa. Fuskarta ta yamutse, leɓɓanta suka motsa, har ya sunkuyo da kunnensa. Sai ta haɗiye. Ta sake ɗaga kofin, idonta cikin nasa, ta shanye shi tas, ta miƙo masa.