Kabad ɗin da na yi wa Alƙur'anin mahaifina

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon a ɓoye sunana. A lokacin da wannan abu ya faru ni matar aure ce a wani gari da ke gefen kogi, kusa da Haɗeja, ina sana'ar turara shinkafa, kuma Allah ya rufa mini asiri. Ni ce babba a gidanmu, kuma ina da wani hali da kowa ya san ni da shi: in na ƙudura abu ba na shawara, sai dai a ga na yi. Ga son ƙyale-ƙyale, ko kwanon sha na saya sai mai walƙiya.

Mahaifinmu malami ne, asalin iyayensa daga wajen Tafkin Chadi suka zo. Yana saurayi ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, da ka, da tawadar da ya dafa da kansa. Shi kaɗai ne rubutunsa da ya rage, don daga baya ido ya yi masa rauni har ya daina gane mutum sai ta murya. Alƙur'anin warwara ne, ba a ɗinke yake ba, yana cikin gafakar fata a rataye jikin azarar ɗakinsa tun kafin a haife ni. Kullum na shiga na ga ƙura a jikin gafakar sai raina ya ɓaci, in ga kamar mun wulaƙanta shi.

Wata shekara bayan girbi na je Haɗeja na sayi ƙaramin kabad wajen kafintoci, sabo fil, ko fenti ba a yi masa ba, katakon ma da sauran ɗanyantaka. Na ce ni zan shafe shi da hannuna don in sami lada. A shagon fenti mai shagon ya tambaye ni ko zan haɗa da na shafin farko, na ce ni dai mai ƙyallin nake so, don a zatona duk abu ɗaya ne, wani ya fi wani kyau kawai. Na ɗauki gwangwanin banish, wato mai ƙyallin, na dawo. Na shafe gaba da gefe da sama har sau uku, sai da na ga fuskata a jikin ƙofar. Ciki da baya da ƙafafu kuwa ban taɓa su ba, tunda ba mai gani. Na sauko da gafakar na sa a ciki, na jingina kabad ɗin da bango, na kulle, na ba Baba makulli. Ya shafa ƙofar ya ji santsi, ya sa mini albarka, amma ya ce shi da an bar masa a sama inda hannunsa ya saba. Na yi dariya na ce tsufa ne.

Da damina ta yi nisa kogi ya cika, ruwa ya fara cin gonaki, sai ƙanena ya zo ya tafi da Baba gidansa a Malam Madori, makullin yana aljihun Baba. Ruwan bai shiga gidanmu ba, a bakin zaure ya tsaya, muka yi ta godiya ga Allah. Sai dai ƙasa ta sha ta ƙoshi, daɓen ɗaki ya yi sanyi, bango ya jiƙe har gwiwa. Nakan je in share ɗakin, in goge kabad ɗin da tsumma, in ga yana ta sheƙi, ko ɗigon ruwa ba ya kama shi, sai hankalina ya kwanta. Ban taɓa janye shi daga bango na leƙa bayansa ba. Fasa makulli kuwa bai zo mini a rai ba, wa zai fasa wa mahaifinsa ma'ajiyar Alƙur'ani?

Bayan ruwa ya janye aka dawo da Baba. Da hantsi ne, ina riƙe da hannunsa muka shiga ɗakin, sai ya tsaya ya ce yana jin warin ruma. Ya miƙo mini makulli. Ƙofar ta kumbura, sai da na ja da ƙarfi. Cikin kabad ɗin ya yi baƙi ƙirin, katakon baya ya ruɓe, gafakar ta yi fari da funfuna. Da na zare ta, takardun sun manne sun zama dunƙule ɗaya mai danshi. Baba ya karɓa ya ɗora a cinya, ya lallaɓa da farce har ya ɓamɓaro warƙa guda, ya miƙo mini, ya ce uwata, haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, in karanta masa ya ji inda ya buɗe. Na duba, tawada ta narke, ba harafi ko ɗaya, sai dabbare-dabbare. Shi kuma ya zaci karatun ne ya kakare mini, ya ce in faɗi kalmar farko kawai zai ɗora mini. Nan na fashe da kuka na ce masa babu komai a jiki.

Bai yi mini faɗa ba, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya yi salati, ya daɗe yana shafa dunƙulen, sannan ya ce a nemo farin ƙyalle. Shi da kansa ya naɗe shi, ya sa ƙanena ya raka shi gefen maƙabarta, ya tsaya aka haƙa rami aka binne. Bai ƙara tayar da maganar ba har Allah ya karɓi ransa a shekarar da ta biyo.

Kafintan da ya zo kwashe katakon ne ya yi mini bayanin abin da ban tsaya na tambaya ba. Ya ce shafin farko shiga yake cikin katako ya toshe ƙofofinsa, kuma ko'ina ake yi, ciki da waje da ƙasan ƙafa, bayan katakon ya bushe sarai. Banish kuwa a sama yake zama, ado ne da kariya daga gogayya. Nawa kabad ɗin ya yi ta zuƙar laima ta ƙafafu da baya, gaban da na lafta wa banish kuma ya hana ta fita.

Abin da na koya shi ne kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna in mutum bai san aiki ba kuma ya ƙi tambaya. Ina kira ga 'yan'uwana, musamman mu mazauna bakin fadama: in za ku sa abu mai daraja a kayan katako, ku tambaya me aka shafa a ciki da baya, ku ɗaga shi daga ƙasa, ku raba shi da bango, ku riƙa buɗewa da damina. Kuma in tsoho ya ce a bar masa kayansa inda suke, ku bar masa. Ina roƙon masu karatu su yi wa Baba addu'a. Ni kam abin da ke sa ni kuka yanzu shi ne nakan rufe ido in nemi kamannin rubutunsa, kuma ya fara ɓace mini, ba ni da inda zan je in duba.