Alƙalancin Faifan Turawa a Zauren Surukina

Shekarun baya can, ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba, ina matar aure mai goyo a Dogon Dutsi, aka taɓa zaunar da ni a zaure aka ce in yi wa waƙoƙin Turawa alƙalanci. Ni da ko gaisuwar Faransanci ban iya amsawa ba. Na ga kwanan nan kuna ta musu a nan kan wane mawaƙi ya fi wane, wane faifai ya fi daɗi, shi ya tuno mini. Ku naku musun na nishaɗi ne. Nawa kuwa, zaman mutum a gidan ubansa ne ya rataya a kansa.

Mutumin ƙanin mijina ne, autan gidan. Ya yi karatu a Yamai, aka turo shi gida yana koyarwa a lakwal, duk unguwa mushe ake ce masa, wato malamin boko a bakin Faransanci. Ya dawo da garmaho mai batir, da manyan faifai baƙaƙe, kowanne cikin kwalinsa mai hoto, waƙoƙi jere gaba da baya. In ya taso aiki sai ya shimfiɗa tabarma a bakin ɗakinsa, ya ɗora allura, abokansa su taru. Wannan su ce rok ne, wancan yeye, wancan tuwis, su yi ta gardama har jijiyar wuya ta tashi. Ni ina daka ina jin su. Lokacin ban shiga karatun manya ba, ban san baƙi ba, don haka da hoto nake gane faifan. Akwai na masu gashi, samari ne suma ta rufe musu goshi. Akwai na mace mai jar riga. Akwai wani mai baƙin kwali, mutum ɗaya ya sunkuya a kan jita.

Kun san wasan da ke tsakanin mace da ƙanin miji. In na gifta sai ya ce, "Matata, wane zan sa miki yau?" In ce, "Sa wanda ya fi saurin ƙarewa." Ya ce ba ni da kunne. In ce kunnena na nan, tausayinsa nake ji.

Ana haka, wata rana da la'asar, yana cikin sauraren mai baƙin kwali, sai ihu ya tashi a bayan danga. 'Yar maƙwabta ce, budurwa, ta taso daga rijiya da tulu a ka, tana isowa daidai wurin ta yanke jiki ta faɗi, tana shure-shure, idanu sun juye. Kafin magariba magana ta zaga unguwa: mushe ya kawo kiɗin da ke kiran iskoki. Washegari uban yarinyar ya zo da wasu dattawa, suka yi sallama da surukina.

Surukina dattijo ne mai tsanani. A gidan masu tsafi aka haife shi, da girmansa ya musulunta, ya kuwa riƙe addini da hannu biyu. Ko goge aka ratsa da shi ta ƙofar gidansa, sai ya tashi ya shige ciki. Da baƙi suka tafi ya kira ɗansa a tsakar gida, muna ɗakuna muna ji. Ya ce, "Ko akwatin ga ya bar gidan ga, ko mai shi ya bar shi." Yaro da ƙuruciya da ɗaurin wuya na boko, sai ya ce, "Baba, waƙa ce kawai. In akwati ya fita, tare za mu fita." Tsoho ya ce, "To, hanya ba ta da ƙofa."

Uwar mijina ta fashe da kuka. Ta san halin mijinta, in ya furta ba ya lashewa, ta kuma san ɗanta shi ya biyo. Sai na ji ta ce, "Malam, kai ba ka san kiɗin Turawa ba, shi ko yaro bai san kiɗin iska ba. Ga wadda ta san na iska nan cikin gidanka. A tambaye ta mana."

Ina ɗaki ina shayar da yaro, na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi. Ni take nufi.

Mahaifiyata a Matankari goɗiya ce, wato irin matan da iska ke hawa a wurin wasan bori. Iskar da ake kira Doguwa ce a kanta. Tun ina ƙarama ni ke riƙe mata zane, ina zaune bayan mai goge da masu ƙwarya. Kowace iska da takenta, kiɗin da ake kiranta da shi, kuma duk sun zauna mini a kunne tun kafin in san dama da hagu. Da aka kawo ni Dutsi, manyan gida sun sani, amma ba a taɓa ɗaga maganar ba. Matan unguwa kuwa, in sun tambaye ni gidanmu, sai in ce manoma ne. Ba ƙarya na yi ba, muna noma. Sai dai ban faɗi duka ba.

Ga kuma kunyar suruki. Tun da na zo gidan ban taɓa haɗa magana mai tsawo da shi ba. Da safe in durƙusa daga nesa, in kau da kai, in gaishe shi, in tashi. Ko kalma mai kama da sunansa ba na faɗa. Yau ga shi an ce in zauna gabansa in buɗe baki, kuma kan abin da na fi ɓoyewa. Na ce wa uwar mijina, "Inna, ki rufa mini asiri." Ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, in ya fita da fushin ubansa ba ya dawowa. Ke ma uwa ce." Maigidana yana tsaye, na dube shi ko zai cece ni, ya sunkuyar da kai yana gyaran igiyar akuya da ba abin da ya same ta.

Da hantsi aka taru a zaure. Surukina a kan buzunsa da carbi, uban yarinyar da dattawansa a gefe, mata sun cika bakin ƙofa ta ciki, har da na maƙwabta. Na zauna a lungu, na ja mayafi har kan hanci. Ƙanin mijina ya ajiye garmaho a tsakiya, ba wasa ba dariya.

Ya fara da na masu gashi. Ganga ta ɓarke, samari suka yi ta ihu tare. Da ya ɗaga allura surukina ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "'Yar nan, mi kinka ji?" Sai da uwar mijina ta zungure ni na ce, "Baba, wanga ba ya kiran kowa. Shi kansa gudu yake, kamar an koro shi. Iska ba a kiranta da gaggawa, lallashinta akai." Wani dattijo ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Aka sa na mai jar riga. Murya siririya, a hankali, tana ja kamar za ta tsinke. Na ce, "Wagga an yi mata ba daidai ba ne, ƙorafi take. Ko ban ji yarenta ba na san da namiji take." Mata a bakin ƙofa suka yi guɗa ƙasa-ƙasa. Har na ɗan saki jiki, na ƙara da cewa ita dai ta iya waƙa, ta fi masu gashin nan hankali. Kun ji ni, wai har ina da ra'ayi.

Sai aka ɗora mai baƙin kwali, wanda yarinya ta faɗi a kansa. Ban taɓa tsayawa na saurare shi kusa ba. Jitar nan ta fara kuka, doguwar murya guda tana hawa tana rawa, wallahi kamar goge. Tsigar jikina ta tashi. Farkonsa ya ɗauko hanyar taken Doguwa sak. Na ji ƙamshin turaren mahaifiyata a hancina. Kowa a zaure ni yake kallo, ƙanin mijina ya zuba mini ido kamar mai jiran hukuncin alƙali.

Na saurara har ƙarshe, don ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Sannan na ce, "Baba, ya yi kama, ba na ɓoye maka. Amma ba shi ba ne. Inda ya kamata ya sauko ya kira suna, sai ya wuce abinsa. Mai kiɗin ga bai san kowa ba a nan, kukan kansa yake."

Uban yarinyar ya ce, "Wagga magana ce kawai. Ina ne wurin saukowar? Mu ba mu ji bambanci ba."

Na nemi yadda zan faɗa da baki, na rasa. Abin da ke kunne ba ya faɗuwa, sai an rera. Na rufe ido, na ce a raina layi ɗaya kawai zan yi, ƙasa-ƙasa, su ji wurin. Na fara da hanci. To, abin da ka sha a nono ba ya tsayawa inda ka ce ya tsaya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ban san lokacin da tafin hannuna ya fara bugun ƙasa yadda masu ƙwarya ke yi ba. Kiraren da na yi shekaru ina dannewa suka yi ta zubowa, muryar mahaifiyata ce ke fita daga maƙogwarona. Da na farga, mayafina yana ƙasa, kallabi ya zame, kaina a buɗe gaban surukina da baƙin maza, kafaɗuna suna kaɗawa.

Na katse waƙar nan take. Na lalubo mayafi na rufe fuska. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Cikin shirun nan sai na ji muryar surukina, a hankali, kamar mai magana da kansa: "Kin tsallake wuri guda. Bayan kiran farko akwai amshi."

Kowa ya juya ya dube shi. Carbinsa ya tsaya a hannu. Shi ma sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya yi istigfari da ƙarfi, ya maimaita, ya share fuska da hannun riga. Sannan ya ce wa uban yarinyar, "Ba shi ba ne. Ni ma na ji. Ku nemi abin da ke damun ɗiyarku wani wuri, Allah Ya ba ta lafiya." Ya juya wajen ɗansa ya ce, "Kiɗin banza ne, amma banza ba ta kisa. Ɗauki abinka ka kai ɗaki. Kar in ji shi lokacin salla, kar in ji shi daga zaure." Ya ɗauki butarsa ya fita, alhali azahar da saura.

Ƙanin mijina bai bar gida ba. A nan ya yi aure, a nan aka haifi 'ya'yansa, shi ya riƙe tsohon har ƙarshe. Yarinyar ma ta warke, abin da ya kada ta kuwa ban sani ba har yau. Ni ce dai na biya. Na daɗe ban je rijiya ba. Da na fara zuwa, in na sunkuya jan guga sai in ji wata ta ce, "Ku matsa wa goɗiya, kar ta hau." Wata ta daina aiko ɗiyarta karɓar wuta a ɗakina. Maigidana bai taɓa ce mini komai a kai ba, alheri ko akasinsa. Ƙanin mijina kuwa ya zo har bakin murhu ya durƙusa ya ce, "Yaya, na gode." Bai sake ce mini ba ni da kunne ba, ni kuwa da ya ci gaba da tsokanar da ya fi mini sauƙi.

Yanzu na tsufa, waɗanda suka zauna a zauren nan duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma in na tuna kaina a buɗe, hannuna na bugun ƙasa, har yau sai na ji zafi a fuska. Na yi ta tambayar kaina wace kunya ce ta fi nauyi, ta rerawar da na yi, ko ta shekarun da na yi ina taƙaita mahaifiyata in an tambaye ni gidanmu. Ban gama rarrabewa ba. Abin da na sani, mutum yana iya sauya gida, ya sauya hanya, da zuciya ɗaya kuma, amma kunnensa ba ya mantuwa.

Ni da surukina ba mu taɓa tada maganar ba har ya rasu. Na ci gaba da durƙusawa daga nesa kowace safiya ina gaishe shi. Sai dai tun daga ranar, kafin in kau da kaina, shi ya riga ya kau da nasa.